Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ne Iyakar Ganin Mutum a Fadamar Haɗeja?

TAMBAYA: Ni manomin shinkafa ne, ina kuma taɓa su idan ruwa ya kawo. Gardama ce ta haɗa ni da baffana. Idan damina ta yi nisa, fadama ta cika ta batse, mukan shiga kwalekwale, sai in hangi kawunan giginyu da ƙarfen sabis na wani gari, amma gidajen ba na ganinsu sai mun matsa sosai. Na ce masa a makaranta an koya mana duniya a mulmule take, shi ya sa doronta ke ɓoye gindin abubuwa. Baffa ya ce ba haka ba ne, ƙarfin ido ne ke ƙarewa, sauran kuma kacalla ce ke tarewa. To Malam, kilomita nawa mutum ke iya hangowa? Idan ya hau sama, nawa ke ƙaruwa? Kuma idan na sami madubin hangen nesa na hau hasumiyar masallaci a Haɗeja, zan hango Nguru?
Daga wani mai karatu a Ƙaramar Hukumar Guri.

AMSA: Ka gaishe min da Baffa da kyau, ka kuma faɗa masa rabin maganarsa gaskiya ce, za mu zo kanta. Amma bari mu fara da rabin da ba mu yarda da shi ba, wato batun ƙarewar ƙarfin ido.

Ido ba ya da wani zango da yake tsayawa a kai. Haske ne ke zuwa ya same shi, kuma muddin hasken ya iso da ƙarfinsa, babu abin da ya tare shi a hanya, ido zai gani komai nisan inda ya fito. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, ga shi Baffa yana ganinsa tun yana siririn jinjiri. Rana tana nisan kilomita miliyan 150. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda manoma ke dubawa su san inda shekara ta kai, sun fi rana nisa ninkin-ba-ninkin. Idon da ya kai can ba zai gaji a kilomita biyar ba. Abin da nisa ke yi shi ne ya ƙanƙantar da abu har ido ya kasa rarrabe shi, wannan kuwa daban yake da ɓoyewa. Abin da ya ƙanƙance madubi yana dawo da shi. Abin da ya ɓuya a bayan wani abu, madubi ba ya da yadda zai yi da shi.

To me ke ɓoye gidajen? Ka kifa ƙwarya, ka ɗora tururuwa a kanta. Duk inda ta duba, ganinta zai tsaya ne a inda ƙwaryar ta lanƙwashe ta yi ƙasa. In da za a ɗaga ta da tsinke kaɗan, sai ta ga ƙarin bayan ƙwaryar. Mu ma haka muke, sai dai tamu ƙwaryar daga tsakiyarta zuwa bayanta kimanin kilomita 6,371 ne, don haka lanƙwasarta ba ta bayyana a gona ɗaya ko a unguwa ɗaya. A kilomita na farko, ƙasa tana sunkuyawa da abin da bai wuce santimita 8 ba, faɗin tafin hannu ke nan. Amma sunkuyawar ba a hankali take ƙaruwa ba. A kilomita 5 ta kusa mita 2, a kilomita 10 ta kusa mita 8, a kilomita 20 ta haura mita 30. Wurin nan da kake ganin sama ta sauko ta taɓa ƙasa, wanda magabata ke kira bangon duniya, shi ne daidai inda ganinka ya gogi doron ƙasa ya wuce ta samansa.

Ku mutanen fadamar Haɗeja kuna cikin waɗanda suka fi kowa damar ganin wannan a Arewa. Mutumin Dutse ko na Gwaram duwatsu ne suka kewaye shi, na birnin Kano kuwa gine-gine. Ku ƙasarku shimfiɗe take. Daga Kano zuwa Haɗeja, a miƙe, kimanin kilomita 170 ne, amma gangaren da ke tsakani bai kai mita ɗaya a kowane kilomita ba, daga Haɗeja zuwa Nguru kuma ya fi haka kwanciya. Dalilin da ya sa ke nan kogin yake rarrabuwa, wani reshe ya bi Kafin Hausa, wani ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, ruwa ya bazu ya kwanta. Ruwan da ya kwanta kuwa shi ne ma'auni mafi gaskiya, domin ba ya da tudu ba ya da kwari, siffar duniya kawai yake bi.

Ga lissafin, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Ka auna tsayin idonka daga ƙasa ko daga fuskar ruwa, da mita. Ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan tsayin. Sai ka ninka ta sau 3.6. Abin da ya fito, shi ne iyakar ganinka da kilomita.

Kai da kake zaune a kwalekwale, idonka bai fi mita ɗaya daga ruwa ba. Ɗaya sau ɗaya ɗaya ne, don haka ganinka ya tsaya a kilomita 3.6. In ka miƙe tsaye a gaɓa, ido ya kai kamar mita 1.6, sai ya zama kilomita 4.5. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko: baligi a tsaye a fili yana ganin ƙasa ko ruwa zuwa kilomita huɗu da rabi, in ya yi yawa biyar, tafiyar awa guda a ƙafa. Mutane da yawa sukan yi mamakin ƙanƙantar wannan adadi, don in mutum ya tsaya a bakin fadama sai ya ji kamar rabin duniya yake kallo.

Buzu a kan raƙumi, idonsa wajen mita 3, yana kai kilomita 6 da 'yan kai. Yaron da aka ɗora a rumfar tsaron gona yana korar jan-baki, in idonsa ya kai mita 4, biyu sau biyu ke nan, yana ganin kilomita 7.2. Wanda ya hau soron bene ya kai mita 9 yana ganin kusan kilomita 11. Wanda ya hau ƙololuwar kuka ya kai mita 16, kilomita 14 da ɗoriya. Ladan a hasumiya mai mita 25, kilomita 18. Ma'aikacin da ya hau ƙarfen sabis ya kai mita 64, kusan kilomita 29. A mita 100, kilomita 36.

Ka lura da wani abu a cikin waɗannan lambobin, domin shi ne zuciyar maganar. Hawa ba ya biya daidai da wahalarsa. In kana son ganinka ya ninka sau biyu, sai ka ninka tsayinka sau huɗu. In kana son ya ninka sau goma, sai ka hau sau ɗari. Mita ukun da suka ɗaga ka daga kwalekwale zuwa rumfar gona sun ƙara maka kilomita 3.6 cur. Amma wanda yake mita 64 ya ƙara mita uku, abin da zai samu bai kai kilomita ɗaya ba. Ribar tana ƙasa-ƙasa. Shi ya sa masunci yake miƙewa tsaye a jirgi in yana neman hanya, makiyayi yake neman suri ko ɗan tudun yashi ya hau in saniya ta ɓace masa. Ba su yi lissafin a takarda ba, amma aikin da suke yi daidai yake da shi.

Yanzu ga batun giginyu da ƙarfen sabis. Lissafin da muka yi na ganin fuskar ƙasa ne. Abu mai tsayi shi ma yana da nasa zangon, sai a haɗa naka da nasa. Giginya mai mita 16 tana leƙo kilomita 14.4 ta bayan doron ƙasa, kai kuma daga kwalekwale kana da 3.6, don haka kanta zai fara bayyana gare ka tun daga kilomita 18. Jar fitilar ƙarfen sabis mai mita 64, da dare in sama ta yi garau, za ka iya ganinta daga kilomita 32. Ɗaki kuwa mai mita 3 ba zai fara leƙowa ba sai kun rage kilomita 10, shi ma jinkarsa kawai. Ganin ƙofar ɗakin da mutanen da ke zaune a gindinsa gaba ɗaya sai kun shigo cikin kilomita huɗu zuwa biyar. Abin da ka gani da idonka ke nan: dogo ya riga gajere bayyana, kai ya riga gindi.

A nan ne za mu ba Baffa haƙƙinsa. Kafin doron ƙasa ya ɓoye maka wani abin kirki, sai an sami buɗaɗɗen ruwa na kilomita shida, takwas ko goma, babu abin da ya gitta. A fadamarku ta yau irin wannan sarari ya yi wuya. Tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ɗaukewa ƙaf da rani a wasu rassan kogin, kacalla ta sami wurin zama ta mamaye hanyoyin ruwa da gonaki. Tsayinta yakan kai mita biyu zuwa uku, ya fi na mutum a tsaye, balle wanda ke zaune a jirgi. Ga gorubai, ga tuddan yashi da garuruwan ke zaune a kansu. Don haka a mafi yawan ranaku, abin da ya tare maka gidajen can kacalla ce da itatuwa, tun kafin a kai inda lanƙwasar duniya za ta yi aikinta. Ni a ganina kai ka riƙe dalilin da ba ya canzawa, Baffa kuma ya riƙe wanda ya fi yawan faruwa a gabansa, kuma bai kamata ka raina wannan ba.

In kuna son ku raba gardamar da hannunku, ku nemi wuri mafi faɗin ruwa, inda babu ciyawa tsakani, a daren da iska ta kwanta. Mutum ɗaya ya tsaya a can nesa, kilomita shida ko fiye, ya riƙe tocila mai ƙarfi dab da fuskar ruwa. Kai kuma ka sunkuya har idonka ya kusa taɓa ruwa. Ba za ka ga wutar ba. Ku yi waya, ya ɗaga ta a hankali a kan gora, ko kai ka miƙe tsaye, za ka ga ta fito tamkar yanzu aka kunna ta. Nisan bai ragu ba, idonka bai ƙara ƙarfi ba, tsayi kaɗai ya canza. Ku maimaita a darare daban-daban, domin iska tana da nata hannun a ciki.

Hannun iska kuwa iri biyu ne. Na farko taimako ne. Iskar da ke dab da ƙasa ta fi ta sama kauri, wannan yana sa haske ya ɗan lanƙwaso ya bi doron ƙasa, sai ganinka ya ƙaru da kamar kashi 8 cikin 100. Mai kilomita 4.5 ya tashi da kusan 4.9. Da sassafe a kan ruwa mai sanyi lanƙwasar takan fi haka, har garin da ba a saba gani ba ya taso sama a hango shi. Da tsakar ranar bazara kuma, ƙasa ta yi zafi, abin yakan juye, sai ka ga kawalwalniya tana sheƙi a kan hanyar Malam Madori kamar ruwa ya kwanta, gindin itatuwa ya narke a cikinta. Na biyu kuwa hani ne. In hunturu ya taso da ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo yakan rufe har a kasa ganin kilomita ɗaya, jiragen sama su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. A irin wannan rana ko ka hau mita ɗari ba abin da za ka ƙaru da shi. Mafi kyawun lokacin hange shi ne bayan an ɗauke ruwan sama, iska ta wanku.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Tsakanin Haɗeja da Nguru, a miƙe, kimanin kilomita 65 ne. Hasumiya mai mita 25 ta ba ka 18, ko 19 in iska ta taimaka. Saura kilomita 46 ko 47, kuma kafin wani abu ya leƙo daga wannan nisa sai tsayinsa ya haura mita 140, wato bene mai hawa arba'in. Gidajen Nguru da itatuwanta da tashar jirgin ƙasanta duk suna can ƙarƙashin doron ƙasa, madubi kuwa ba ya leƙa bayan tudu. In ƙasar Nguru kanta kake son gani daga Haɗeja, sai ka tashi sama kamar mita 300, inda shirwa ke shawagi. Kano kuma sai ka kai wajen mita 2,000. Madubin zai yi maka amfani a cikin kilomita 18 ɗinka: ka rarrabe garke da gungun mutane, ka gane jirgin wane ne ke tahowa.

Abin da ake gani daga nesa ƙwarai a ƙasarku shi ne hadari. Kan babban hadarin damina yakan kai kilomita 12 a sama, wanda a lissafi zai iya leƙowa daga kusan kilomita 400. Walƙiyar nan da kuke gani gabas da daddare, shiru babu tsawa, tana iya kasancewa a kan Gashuwa ko Potiskum ko ma Damaturu, domin ƙarar tsawa ba kasafai take wuce kilomita 20 ba, haske kuwa yana wucewa. Manyan hadaran yankinmu daga gabas suke tafiya yamma, da gudun kamar kilomita 50 a awa, shi ya sa dattijo zai dubi walƙiya bayan isha'i ya ce wannan sai tsakar dare, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Ƙa'idar tsayi da nisan gani ce kuma ta sa ake dogon ƙarfen sabis da na gidajen rediyon FM, don saƙonsu kusan a miƙe yake tafiya kamar gani. Gajeren zango shi sama yake bugowa ya dawo, shi ya sa ake kama tashar Landan a ƙauyen da tashar Dutse ba ta kai ba.

Tun da ka ambaci makaranta, ka sani wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin malaman Musulunci. Abu Raihan Al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya yi amfani da shi ta ɗaya fuskar. Mu mun san girman duniya muna neman nisan gani, shi kuwa ya auna gani ya fitar da girman duniya. A Nandana, cikin ƙasar Pakistan ta yau, ya fara auna tsayin wani dutse, sannan ya hau kansa ya auna yadda bangon duniya ya sunkuya ƙasa da saitin idonsa. Da waɗannan lambobi biyu ya sami adadin da, in aka juya shi zuwa ma'aunin yau, ya kama kusan kilomita 6,340. Ka gwada da 6,371 da aka tabbatar da na'urorin zamani. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, shi ma ya rubuta cewa ƙasa a mulmule take.

Wannan sunkuyawar da Al-Biruni ya auna tana taɓa ibada ma. Wanda ke sama yana ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga na ƙasa. A hasumiya mai mita 25 bambancin kamar rabin minti ne. A Dubai, inda benen Burj Khalifa ya kai mita 828, malamansu sun ba da fatawa a 2011 cewa mazauna sama da hawa na 80 su jinkirta shan ruwa da minti biyu, na sama da hawa na 150 kuma da minti uku. Game da duban jinjirin wata kuwa, hawa sama amfaninsa shi ne ya fitar da kai daga tsakanin itatuwa da gidaje. Wanda ya tsaya a gabashin buɗaɗɗiyar fadama yana fuskantar yamma ya riga ya sami kusan duk abin da mai hawa bene ke nema.

Akwai wuri ɗaya da nake so wannan lissafi ya zauna a zukatan mutanen kogin nan, shi ne batun ambaliya. A daminar 2020 da ta 2022 an ga yadda jama'ar Haɗeja suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga dare da rana, aka kuma ga asarar da Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri suka yi. Mutumin da ke tsaye a kan jinga, idonsa mita huɗu sama da ruwa, kilomita bakwai kawai yake gani, in ma kacalla ta bar shi. Ruwan da zai cinye gonarsa kuwa a lokacin yana can ya baro Wudil, ko yana wucewa ta Ringim, nisan da ko daga kan ƙarfen sabis ba za a hango shi ba. A zamanin Sarki Buhari, tsakiyar ƙarni na 19, mai tsaro a kan ganuwa yana iya tsinkayar ƙurar dawaki tun suna nesa, domin ƙura tashi take yi sama. Ruwa ba ya tayar da ƙura, a kwance yake zuwa, ta ƙarƙashin ciyawa, sau da yawa da dare.

Don haka tsaron ruwa ba aikin ido ɗaya ba ne, sai an jera idanu a bakin kogin tun daga sama. Akwai wuraren auna ruwa a Wudil da Haɗeja, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma abin da manomin Guri yake buƙata shi ne labarin jiya da na yau, da Hausa, a wayarsa ko a rediyonsa. Wannan ba ya fi ƙarfin ƙungiyoyin manoma da masunta da masu unguwanni. Sanda ce mai lambobi a kafa a gindin gada ko a mashigi, a sami amintaccen mutum yana dubawa safe da yamma, yana sanar da garin da ke ƙasa da shi, su ma su sanar da na gaba. Kwanciyar ƙasar nan da ke sa ruwa ya bazu ita ce kuma ke sa shi tafiya a hankali, yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso daga Ringim zuwa ƙasarku. A cikin waɗannan kwanakin ana iya yanke shinkafar da ta nuna, a kwashe hatsi daga rumbu, a kai dabbobi da tsofaffi da yara kan tudu.